Hannatu ba baƙuwa ba ce: raddi ga mai cewa a canja suna

Da kakar bana, ana tsaka da ɗaurin gero, aka yi suna a gidan yayana a wani ƙauye kusa da Dambatta. Liman ya raɗa wa jaririya Hannatu, sunan kakarmu. Ba a gama rabon goro ba, wanzami ma bai wanke askarsa ba, sai wani matashi mai ɗan karatu ya ce a canja. Hujjoji biyu ya kafa.

Ta farko, wai sunan Ibrananci ne, na Yahudawa. Asalin da ya faɗa haka yake, a hukuncin ne ya zame. A Ibrananci sunan na nufin tagomashi da jinƙai, kuma saiwarsa ɗaya da kalmar Larabci "hanan", wadda ta zo a aya ta 13 ta Suratu Maryam, don harsunan biyu dangi ne. In ko rashin zama Balarabe ke haramta suna, to ya fara da Ibrahim, Isiyaku, Yakubu da Yusufu, waɗanda malaman nahawu suka ce ba na Larabci ba ne. Ranar nan sai raguna su ƙare a kasuwar Dambatta.

Ta biyu, wai 'yan mishan suka kawo shi, tunda yana cikin Littafi Mai Tsarki. Ƙwarai yana ciki, sunan uwar Sama'ila ne. Amma cikakkiyar fassarar littafin da Hausa sai a 1932 ta fito. Imam Ɗabari kuwa, wanda ya rasu a 923 Miladiyya, tuni ya kawo a tafsirinsa cewa matar Imrana, mahaifiyar Nana Maryamu, sunanta Hanna. Alƙur'ani bai faɗi sunanta ba, malaman tafsiri suka faɗa, Ibn Kasir ma haka ya ce. Wutsiyar sunan kanta ta tona hanyar da ya biyo: "tu" ɗin nan ta Larabci ce, irin ta A'ishatu da Hafsatu. Mutanen Meziko, da ya isa gare su ta coci, Ana suke cewa, in an yi lele a ce Anita. Da daga bakin Bature muka ji shi, Hana za mu ce, wa kuwa zai sa wa 'yarsa Hana?

Wani dattijo ya so ya kare mu, ya ce ai daga "hinna" ne, wato lalle. Allah ya saka wa Baba, amma wannan saiwa daban ce, kamar gero da maiwa a gona ɗaya.

Sunan halal ne, kuma ya zauna. Sai dai a gidan ba mai iya kiransa gatsau saboda kunyar mai sunan, Ummi ake ce wa yarinyar. Wallahu a'alamu.