Ɗan Makaranta da Kiɗa: Wa ke Riƙe da Hannunsa?

Amma ba'adu, akwai al'amarin da ya kamata malamai da attajirai na Kwanar Dangora da kewayenta su duba da idon basira, watau ɗan makaranta wanda son kiɗa ya kama shi har jama'a suka fara yabonsa. Uba yakan rasa abin yi, ko ya yi murna, ko ya ɗauki bulala.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1973 waɗansu yara 'yan makarantar St. Gregory ta Obalende, cikin Ikko, suka fitar da faifai mai suna Try and Love a kamfanin EMI. Sunan ƙungiyarsu Ofege, ma'anarsa kuwa a bakin ɗalibai sulalewa daga makaranta ba da izini ba, wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa malami rai. Cikin kiɗansu akwai wanda ake ce wa fank, na baƙaƙen fatar Amurka, wanda James Brown ya shahara da shi, har ya zo Nijeriya da kansa a 1970. Kiɗa ne da ganga da jita mai kaurin murya ke jan gaba, waƙa tana biye. Faifan ya karɓu ƙwarai, sunan yaran ya gama ƙasa alhali ba su ko gama makaranta ba.

Sai dai akwai abin da masu yabo ba su cika faɗa ba. Odion Iruoje, wanda ya shirya faifan, bai sakar wa yaran ragama ba. Ya kawo Berkley Jones, gwanin jita na ƙungiyar BLO, ya sa hannu cikin aikin, kamar yadda gardi ke gyara wa ƙolo rubutu a allo. Wannan ba abin kunya ba ne, gama haka kowace sana'a take. A ƙasar Hausa ma ɗan makaɗi yakan shekara yana amshi, yana ɗaukar kalangu bayan maigidansa, kafin a ji muryarsa ita kaɗai. Ko Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa kuma bai so ba, sai da ya ga furfura kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

To, yaron Kiru ko Bebeji, ko na Tudun Wada da Doguwa, wanda ke haɗa kiɗa da waya da kwamfuta, shi ba shi da maigida. Yabo yana zo masa daga mutanen da bai taɓa gani ba, tun bai iya ba, sa'an nan ya raina karatu. Hukuncin kiɗa kansa malamai sun yi saɓani a kai, su ne kuwa masu wannan fage. Amma uban da bai hana ba, bai kuma tambayi wanda ke koya wa ɗansa ba, lalle ya bar jaki da kaya a tsakiyar kasuwa.

Saura maganar ciniki, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. Ofege sun fitar da faifansu na huɗu a 1978, daga nan kowa ya kama gabansa, amma shekaru da yawa bayan haka kamfanonin ƙasashen waje suka sāke buga na farin suna sayarwa. Ashe waƙa dukiya ce mai daɗewa, kamar gona. Yaro mai shekara goma sha shida bai san haka ba, in an miƙo masa takarda da 'yan kuɗi sai ya sa hannu. Uban da ba ya sayar da buhun masara sai ya auna, kada ya yarda ɗansa ya sa hannu sai an karanta takardar gaban shaidu, an kuma rubuta rabonsa da tsawon wa'adin.

Haza wasalam.