Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Ƙasa, Dakta Aminu Maida

Ranka ya daɗe,

Daga ƙasar Dambatta nake rubuto maka, da yawun manoman karkararmu har zuwa Makoɗa, Kunchi, Bichi da Tsanyawa, a kan maganar data.

Tun da hukumarka ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, shawarar da ake ta ba mutane ita ce su sayi babbar data, domin giga ɗaya ya fi araha a cikinta. Gaskiya ne, a lissafin takarda. Amma wa ke da kuɗin sayen babbar? Manomi da kaka yake ganin kuɗi. Sauran watanni kuwa 'yar ƙarama ta kwana ɗaya yake saye, wadda ta fi babbar tsada in an auna. Ka ga mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan farashi mafi yawa.

Wanda ya daure ya sayi ta wata guda ma bai tsira ba. A ƙauyuka da dama sai mutum ya fita bakin titi ko ya hau tudu kafin sabis ya kawo. Wuta babu, waya tana yini a shagon mai caji. Kwana 30 na cika, ragowar ta tafi, sai fa in ya sake zuba wasu kuɗin kafin wa'adi ya wuce. Wannan abu yana ci mini rai, domin kuɗin gero da gyaɗa ne, da gumi aka same su. Hatsin da mutum ya zuba a rumbunsa ba ya ɓacewa don wata ya mutu. Akwai data ta wata biyu, har da ta shekara, amma farashinsu na attajiran birni ne.

Kada a ɗauka kallon bidiyo kawai ake yi da data. Da ita ake jin farashin riɗi da wake a kasuwar Dawanau kafin a ɗaure buhu, da ita mai POS ke aiki a kasuwar ƙauye, ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako kuma da ita yake karatu.

Roƙona shi ne ka sa kamfanoni su fito da data matsakaiciya mai daɗewa, wadda manomi zai saya da kaka ta kai shi damina, kuma a daina ƙwace ragowar da mutum ya riga ya biya. Sannan asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin yankuna irin namu, ya kafa mana turakun sabis masu aiki da hasken rana. Kafin a sake sauraron kukan kamfanoni kan ƙarin kuɗi, ka turo ma'aikatanka su auna ƙarfin sabis a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, a buga sakamakon kowa ya gani.



Naka,
Wani mazaunin ƙasar Dambatta