A bar 'yan wasa su faɗi ra'ayinsu

A watan Satumba na 2016, a filin Maryland SoccerPlex da ke gefen Germantown, mai ƙungiyar Washington Spirit, Bill Lynch, ya sa aka kaɗa taken Amurka tun kafin 'yan wasa su fito, don kada 'yar wasa Megan Rapinoe ta durƙusa lokacin taken kamar ɗan wasa Colin Kaepernick, wanda ya riƙa yin hakan don adawa da cin zarafin baƙaƙen fata. Wannan kuskure ne. Magoya bayansa sun ce filin ƙwallo ba dandalin siyasa ba ne. To amma wanda ya sauya lokacin taken ƙasa don toshe bakin mutum guda, shi ma siyasar ya yi. 'Yan kallo na da 'yancin ƙin ra'ayinta, ita kuma tana da 'yancin bayyana shi cikin lumana.