Ninkin takarda ba wasan banza ba ne

A makarantun Yamai, yaron da labarun tafiya sararin samaniya suka burge, har ya ninke takarda ya yi kumbo, sau da yawa tsawa ce ladansa. Wannan kuskure ne. Mai ninki yana koyon awo, kusurwa da haƙuri. A shekarar 1995, Japan ta harba tauraron ɗan Adam wanda aka naɗe faifansa na hasken rana da dabarar ninkin Koryo Miura. Bai kamata ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni, masanin makamashin rana, ta raina wannan ba. Tsohuwar jarida ta isa kayan aiki. Malamai su ware wa ninki sa'a guda a mako, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.