Abin Da Masana Suka Gano A 2023, Da Rabonmu A Ciki

Duk ƙarshen shekara manyan jaridun duniya sukan jera abubuwan da masana kimiyya suka gano. Mu kuwa a nan Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal, mukan ji a rediyo mu ce ikon Allah, mu ci gaba da harkokinmu. To, yau ina so mu waiwayi shekara guda, watau 2023, domin akwai darasi a cikinta wanda ya shafi kowane magidanci a cikinmu.

An yi abubuwan mamaki a wannan shekara. Ran 23 ga Agusta kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-3 ya sauka lafiya kusa da ƙuryar kudu ta duniyar wata, Indiya ta zama ƙasa ta huɗu da ta yi haka bayan Tarayyar Sobiyet da Amurka da Sin. Ran 24 ga Satumba wani kumbon Amurka ya jefo ƙura da tsakuwa waɗanda ya ɗebo daga wani dutse mai yawo a sararin samaniya, sunansa Bennu. A watan Oktoba aka ba Katalin Kariko da Drew Weissman lambar Nobel, saboda binciken da ya buɗe hanyar yin wasu allurorin rigakafin korona.

Amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Abubuwa biyu ne a cikin jerin suka taɓa gidajenmu kai tsaye.

Na farko shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo, gama ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi kowace shekara. Wanda ya taɓa kwana a gefen yaron da ciwon ya tasar wa, yana kuka da ƙasusuwansa, ya san abin da nake nufi. A watan Nuwamba 2023 hukumar magunguna ta Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta bi baya a Disamba. Likitoci kan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, su gyara wata gaɓa a cikin gadon halittarsu, sa'an nan su mayar masa. Daga nan sai jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje ya toshe hanyoyin jini. Madalla da wannan aiki. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda, watau fiye da Naira biliyan ɗaya ko da canjin wancan lokaci. Wane mai sayar da goro, wane mai gadi, wane ɗan acaɓa ne zai tunkari wannan?

Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kashe mutum wajen 600,000 a duniya kowace shekara, galibinsu ƙananan yara, kuma kusan uku daga cikin kowane goma 'yan Nijeriya ne. Ran 2 ga Oktoba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi mai suna R21. Masanan Jami'ar Oxford ne suka haɗa ta, likitocin Afirka irin su Farfesa Halidou Tinto na Burkina Faso suka gwada ta a kan yaran ƙasashensu, wani kamfanin Indiya da ke birnin Pune kuma ya ɗauki nauyin yin ta da yawa. Kowace allura ba ta kai dala huɗu ba. A Disamba 2024 aka fara yi wa yara ita kyauta a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ku dubi bambancin. Magani guda an yi shi a Turai da Amurka, aka sa masa kuɗin da ya dace da aljihunsu. Ɗayan kuwa akwai hannun 'yan Afirka da na Indiyawa a ciki, sai ga shi ya iso ƙauyukan Kebbi bayan wata goma sha huɗu. Abin da na fahimta ke nan: al'ummar da ba ta da 'ya'ya a ɗakin bincike, sai yadda aka yanka mata farashi. Shekara goma sha uku kaɗai Indiya ta riga mu samun mulkin kai, tana da matalautanta kamar mu, amma ta dage a kan koyar da lissafi da kimiyya har ta kai inda ta kai.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, hakkinta ne ta gina ɗakunan bincike, ta biya malamai, ta kai allurar kowace jiha, kuma kada mu gaji da tuna mata. Amma akwai abin da ke hannunmu. Kusan ɗan Nijeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin sikila a jininsa, da yawa ba su sani ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai ciwon. Gwajin da zai nuna haka ana yinsa a asibitocin garuruwan nan da kuɗin da bai kai na akwatin lefe guda ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamanmu su riƙa tambayar takardar gwaji tun kafin a sa rana. Idan allurar zazzaɓi ta iso unguwarku, a kai yara har a cika sau huɗu, kada kuma a jingine gidan sauro, domin allurar rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi ɗungurungum.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, makarantu suna kewaye da mu a nan Kudu, amma da yaro ya yi wayo sai mu zaunar da shi a rumfa, yarinya kuma a ɗora mata talla. A bar su su gama sakandare, a tambaye su abin da suka ci a lissafi kamar yadda ake tambayar cinikin yini. Likitan da zai sauƙaƙa maganin sikila, mai yiwuwa yanzu haka yana tallar lemo a Mile 12. Allah ya sa mu gane.