Kotu Uku, Wa Ya Biya Kuɗinsu?

A watan Nuwamban 2001 gwamnatin Ahmed Makarfi ta soke kotunan yanki a Jihar Kaduna, ta kafa kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya, ga na majistare suna nan yadda suke. Lokacin raunin rikicin Fabrairun 2000 bai warke ba, kuma tsarin ya kwantar da hankula. Wannan ba na musunsa. Tambayata ita ce nawa ya ci, kuma daga aljihun wa.

Inda ɗaki ɗaya ke sauraron kowa a da, yanzu sai biyu: alƙali biyu, rajistara biyu, masu kai sammaci, kabad na ajiye fayil, kuɗin wuta. Wannan na gwamnati ne, yana cikin kasafi, ana iya ganinsa.

Na talaka ne ba a rubutawa. Ɗauki matar tsohon ma'aikacin masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, da ke shari'ar gida ko gado. Ta rufe teburin sana'arta, ta biya Keke Napep, ta biya na shaidunta biyu har da abincinsu, ta zauna a benci tun safe da takardunta cikin leda don kada gumi ya jiƙa su. Wajen azahar magatakarda ya leƙo ya ce an ɗage. Ribar ranar ta tafi, kuɗin lauya kuwa bai tsaya ba. In maganar ta kai Babbar Kotu da ke Bida Road, sai ta haye gada zuwa arewacin kogin Kaduna, kuma tun cire tallafin mai a 2023 hayewar ta ƙara tsada. A 2021 ma'aikatan shari'a sun garƙame kotuna daga Afrilu zuwa Yuni. Wanda ke tsare yana jiran beli shi ya biya waɗannan watanni da kwanakin rayuwarsa.

Akwai kuma asarar da ta fi damuna. Bayan rikicin 2002 mutane sun yi ta ƙaura, Musulmi zuwa arewacin kogi, Kiristoci zuwa unguwannin Sabon Tasha da Narayi da Television a kudancinsa. Kotun yanki, duk da kurakuranta, tana zaunar da Bahaushe da mutumin Kagoro a benci ɗaya suna jiran kira, har a tambayi juna, “Malam, taka ta mece ce?” Yaron da aka haifa a Sabon Tasha bayan 2001 yana iya girma, ya yi aure, ya raba gado, bai taɓa jin yadda ake yanke wa maƙwabcinsa na tsallaken kogi hukunci ba.