Gishiri Kafin Kafso: Ciwon Kogon Hanci a Fadamar Haɗejiya

Masu iya magana sun ce, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A fadamar Haɗejiya kiɗan noma ya sake tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, har noman rani ya kankama a wajejen Auyo. Amma yadda jama'a ke tarbar cutar da ƙura ke kawowa bai sake ba.

Manomin fadama yana shaƙar ƙura iri uku. Akwai ƙaiƙayin shinkafa lokacin casa da sheƙa, akwai hazon hunturu wanda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, sannan akwai hayaƙin itace na madafa da na bandar kifi. Waɗannan su ne ke tsokanar fatar cikin hanci, mura kuma ta zo ta tarar da ita a gajiye.

A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna masu iska, a goshi da kumatu da tsakanin idanu, kowanne da 'yar ƙofa mai zubar da majina cikin hanci. Idan fatar ta kumbura sai ƙofofin su toshe, majina ta taru. Daga nan sai mutum ya ji fuska ta yi nauyi, ciwon kai kuma ya ƙaru in ya sunkuya.

To, a nan ne kuskure yake shigowa. Da yawa sai su nufi kemis su sayi kafso, watau maganin kashe bakteriya, su sha na kwana biyu su ajiye. Alhali kuwa mafi yawan wannan ciwo bairos ne ke jawo shi, kafso ba ya taɓa bairos, kuma ciwon yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Ɓarnar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba, domin shan kafso barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani.

Abin da ya fi dacewa yana nan cikin gida. A tafasa ruwa rabin lita, a bar shi ya huce, a narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a riƙa shaƙa kaɗan-kaɗan ana facewa, safe da yamma. Tafasawar nan wajibi ce, ko da kogi na bakin ƙofa, domin ruwa mai ɗumi na kududdufi yana iya ɗauke da wata ƙwaya mai bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo marar tafasa. Bugu da ƙari, a ɗora tsumma mai ɗumi a fuska, a yawaita shan ruwa, a sha farasitamol don ciwon kai, a rufe hanci da rawani ko mayafi a masussuka. Surace yana sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma a nisanta yara da tukunyar, gudun ƙuna. Maganin fesawa mai buɗe hanci kada ya wuce kwana 3, domin in aka daɗe a kansa toshewar takan dawo fiye da da.

Wani zai ce asibiti da nisa ga mutumin Guri ko Kirikasamma, musamman in ambaliya ta yanke hanya kamar yadda ta yi a 2022. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata kowane magidanci ya san ranar da jinyar gida ta ƙare. Idan ciwo ya wuce kwana 10, ko ya lafa ya dawo da ƙarfi, sai a ga ma'aikacin lafiya, shi ne zai san ko kafso ya dace. Idan kuwa ido ya kumbura, ko gani ya dushe, ko wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, to a tafi asibiti a ranar, ko da a kwalekwale ne.